Yadda Gonakin Mutane Suka Ƙare a Teburin Mai Tsire

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ba, ko da zan yi tsufan da zan manta sunan kakata. Yau sati bakwai ke nan, amma har yanzu in na kai yatsa zan kunna kwamfuta sai na tuna ta. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, duk sanda na zauna ina lissafa waɗanda zan zaga a zuciyata, sai in tarar layin yana da tsawo, amma ni ce a gaba.

Na gama sakandare, na yi wata shida a Kano ina koyon tafireta da kwamfuta a wani shago mai kiran kansa kwaleji, na dawo Hadejia da satifiket mai ado a gefe. Ba da daɗewa ba aka ɗauke ni aiki a wani ofishi da ke kula da noman fadama. Ɗaukar gwaji ce ta shekara guda: in na cika ta lafiya a ba ni takardar tabbatarwa, in na yi babban kuskure a sallame ni, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Da tunanin takardar nan nake kwana, da shi nake tashi. A gidanmu ni ce mace ta farko da ta taɓa zama a bayan tebur, kuma tun ban cika sati ba Inna ta gama sanar da unguwa cewa 'yarta ce ke tuƙa kwamfutar gwamnati. (Ban gyara mata ba. Gaskiya ma daɗi nake ji.)

Kowa ya san halin fadamarmu. Damina ta yi nisa kogi ya tumbatsa ya shafe gonaki, in ya tashi janyewa ya tafi da kunya da shinge da duk wata alamar iyaka. Kowace shekara sai an yi rigima, wannan ya ce daga bishiyar can tasa ta fara, wancan ya ce bishiyar ce ta matsa. Don a kashe wannan fitina ne ma'aikatan awo na ofishinmu suka yi shekara biyu suna bin ƙauyukan Auyo da Miga, inda babur ke zuwa a babur, inda ba ya zuwa a kwalekwale. Kowace gona da fom ɗinta: sunan mai ita, tsawonta da faɗinta, maƙwabcin gabas da na yamma da na kudu da na arewa, a ƙasa kuma mai gona ya dangwala yatsa. Takardun suka cika ɗaki guda, dami-dami a ɗaure da igiya. Aikina shi ne in shigar da su cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya.

Shugabanmu Injiniya Lawan, mutum ne da in ka ba shi tsinken ashana zai tsaga shi biyu. A ofishinsa takarda gaba da baya ake rubuta ta, ambulan sai an ɓare an juya an sake mannewa, takardar kabon ta yin kwafi kuwa sai ta yi fari kamar alli kafin a yar. A satina na biyu na buga wata wasiƙa, na fitar da kwafi na biyu don ajiya, kamar yadda aka koya mana a Kano. Ya ɗaga ta sama a gaban direba da masinja.

"Wannan ta biyun wa za ta yi wa aiki? Abu ɗaya sau biyu, sunansa ɓarna."

Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na fito da wannan magana a haddace kamar karatun allo.

Wata uku da fara aikina aka kawo babbar kwamfutar da za a zuba komai a cikinta, doguwa kamar ƙaramin firji. Ranar wata Juma'a mai haɗa ta ya zo daga Kano, wani Nasiru, da taye da jakar hannu da turaren da ya riga shi shigowa. Injiniya kuwa ya kwashi wasu baƙi ya kai su Baturiya kallon tsuntsaye. Daga ni sai Anti Rifkatu, babbar sakatariyarmu, 'yar Filato, wadda ta yi shekara ashirin a aikin ofis tun ana ganin tafireta mai ƙararrawa a matsayin abin mamaki.

Nasiru ya kwance ya ɗaura, ya jona wayoyi, sannan ya miƙe ya tambayi wa ke da alhakin injin, akwai shawarar da za a yanke. Anti ta ce oga ba ya nan, a bari sai Litinin. Ya ce yana da wani aiki a Kano gobe, motar ƙarshe kuma bayan la'asar take tashi, in ya tafi bai san watan da zai dawo ba. Aka gwada tarho, a mace. Anti ta ɗaga hannuwanta biyu ta ce ita iyakarta tafireta, sannan ta yi mini wani kallo. Yanzu na gane kallon yana cewa, ke ma faɗi haka. A lokacin kuwa hassada na karanta a ciki. (Allah ya yafe mini, har tausayinta na ji, wai zamani ya wuce ta.)

Na gyara ɗankwali na ce ni ce mai kwamfuta.

Sai ya yi mini bayani, rabin idonsa a kan agogo. A cikin injin akwai faifai biyu, a kansu ake ajiye duk abin da aka rubuta. Dole a zaɓi yadda za su yi aiki tare, tsarin ana ce masa RAID, lamba-lamba ne. A lamba ɗaya, duk abin da aka rubuta a wannan faifai ana rubuta shi a wancan, saboda haka faifai biyu ne amma wurin guda ɗaya za a mora. A lamba sifili kuwa haɗe su ake yi su zama babban rumbu guda, wuri ya ninka, gudu ya ƙaru. Akwai ma lamba biyar, in ji shi, amma tana son faifai na uku, wanda ba a saya ba. (Ba sai na faɗi wa ya hana ba.)

"Wato a lamba ɗayan," na ce, "abu ɗaya ake rubutawa sau biyu?"

"Haka ne, Hajiya."

Hajiya. Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Kaina ya ƙara girma.

"Ai ɓarna ke nan," na ce, da muryar Injiniya a bakina.

Don Allah ya sani, ba zan yi masa ƙarya ba, ya fara cewa, "Sai dai fa in ɗaya ya samu matsala..." Ni ce na katse shi. Na ce abu sabo fil, yanzu aka fiddo shi daga leda, me zai same shi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce yadda kika ce. Ya yi alama a wani akwati a jikin takardarsa, ya miƙo mini biro. Na zana sabon sa hannuna, wanda na yi sati ina gwadawa a bayan littafi, mai doguwar jela tana lanƙwasowa ƙasa.

Nan ne fushina yake farawa, kuma har yau bai sauka ba. Mutumin nan ya san ƙarshen jimlar da ya fara. Minti ɗaya ya ishe shi ya ƙarasa ta. Ya kalli yarinyar da ta yi wata shida a shago, ya san ba ta san abin da take faɗa ba, ya zaɓi ya kama motarsa.

Ranar Litinin Injiniya ya ji labari. Ina tsaye ina jiran faɗa, sai na ga haƙoransa. Bai yi tambaya ko ɗaya ba. Da ya ji kalmar ninki biyu, sai ya kira masinja da direba, waɗanda ya tozarta ni a gabansu, ya ce su kalli yarinyar da ta san darajar kayan gwamnati. Ranar ko acaɓa ban hau ba, a ƙasa na koma gida don mutane su gan ni sosai. Anti Rifkatu dai cewa kawai ta yi Allah ya sa alheri, ta ci gaba da bugunta.

Wata takwas na yi ina shigar da gonaki. Lokacin ana wahalar mai, janareta awa huɗu kacal ake kunnawa, saboda haka ko ruwa ba na tashi sha. Na san sunayen manoman nan kamar dangina. Na san wa ke da gona uku, wa ke da 'yar tsirit a matse tsakanin manya, wa ya gaji ta ubansa tare da ƙannensa. Idanuna suka yi ja, yatsuna suka riƙa motsi ko ina cin tuwo. Sau ɗaya tak na ce wa Injiniya ko za a ba ni filofi, 'yan ƙananan faifan nan na hannu, in riƙa kwafe abin da na shigar in ajiye gefe. Ya ce ba ni ce na samo wa injin wuri ninki biyu ba, me kuma za a yi da filofi? Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Na fito ina jin kunyar tambayar.

Da na gama dami na ƙarshe, sai ga labari za a kawo injinan ban ruwa, kuma babu inda za a sa su sai ɗakin takardu. Injiniya ya tambaye ni ko komai ya shiga. Na ce ko ɗigo ban bari ba. Ya ce to a fitar da takardun bayan ofis a cinna musu wuta.

Da na yi shiru, da yau laifina ɗaya ne. Amma yabo ya riga ya zame mini kamar goro, in ban samu ba kaina ciwo yake. Sai na ce, ranka ya daɗe, ƙonawa ma ai ɓarna ce. Kowa a garin nan ya san inda tsofaffin takardun ofis da jarrabawar 'yan makaranta suke ƙarewa. Me zai hana a ba masu buƙata? Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce yarinyar nan za ta yi nisa.

Da hannuna na raba. Buhu biyu na Malam Ɗan'azumi mai tsire na bakin tasha, buhu ɗaya na mai ƙosan unguwarmu, sauran masinja ya zaga da su kasuwa, wajen masu gyaɗa da masu bandar kifi. Da yamma Malam Ɗan'azumi ya aiko mini da tsire na godiya, a naɗe cikin gonar wani bawan Allah. (Na ci. Har yajin na lashe.)

Ana saura kamar sati guda abin ya faru, injin ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Anti ta ce wannan ƙara ba ta yi mata ba. Na ce mata alamar yana aiki da ƙarfi ne.

Ruwa ya janye, lokacin rigimar iyaka ya zo. Saura wata guda cif in cika shekarata. Injiniya ya aika ƙauyuka cewa bana ba faɗa ba rantsuwa, kowa ya zo kwamfuta ta karanta masa iyakarsa. Waɗanda suka fara zuwa mutanen wani ƙauye ne a bayan Auyo, su kusan ashirin, Sarkin Nomansu a gaba, wani dattijo siriri mai farin gemu da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Ranar Talata ce. Na sa sabuwar atamfa, na yi lalle, don na san yatsuna za a kalla.

Na danna. Ƙas-ƙas-ƙas, sai shiru. Allo ya yi baƙi, da layi ɗaya na Turanci a sama, wai ɗaya daga cikin faifan ya daina aiki. Na kashe na kunna. Na sake. Sau bakwai, ina karanta duk addu'ar da na iya, har ta shiga kasuwa. Da na ga Injiniya ya fara zufa, sai na miƙe a gaban kowa na ce kada a damu, ai faifai biyu ne, in ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. (Kun ji jahilci mai satifiket.) Aka ba mutane haƙuri, aka ce su dawo jibi, aka tura direba Kano ya ɗauko Nasiru.

Alhamis suka dawo, kuma sun ƙaru, don labari ya bazu cewa kwamfuta ta yi gardama. Ofis ya cika, wasu a tsugune, wasu sun leƙo ta taga, takalma jibge a bakin ƙofa. Nasiru ya buɗe injin, ya kara kunne, ya taɓa nan ya taɓa can, ya girgiza kai. Injiniya ya ce to a kwaso daga ɗaya faifan mana. Nasiru ya ce babu abin kwasowa. Ya ce a lamba sifili ba a ajiye komai cikakke a wuri ɗaya.

"Kamar a ɗauki kowace takarda ne a yayyaga, a zuba rabi a wannan buhu, rabi a wancan. To buhu ɗaya ya faɗa kogi. Da lamba ɗaya aka zaɓa, da na canja faifan nan, kafin azahar kuna aiki."

Yau ga shi ya iya bayani. Yau ba ya kallon agogo.

"Wane mahaukacin ne ya zaɓi wannan?" in ji Injiniya. Injiniyan da ya tara mini masinja da direba.

Nasiru ya buɗe jakarsa a hankali, ya zaro takardar. Maimakon ya miƙa wa Injiniya, sai ya karanta sunana da na mahaifina a fili, ya ɗaga ta yadda har na taga za su gani. Ga sa hannuna nan, da jelarsa.

Na ɗauka nan ne ƙarshen kunya. Ashe ko ƙofarta ban shiga ba.

Sarkin Noma ya sa aka sake masa bayani kusa da kunnensa mai ji. Ya gyaɗa kai, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, wanda da ma fushin ya yi.

"'Yata, mu da ba mu yi boko ba, ba ma ajiye iri wuri ɗaya. Rabi a gida, rabi wajen ɗan'uwa a kan tudu. Kogi ya koya mana." Ya gyara zama. "To, ba komai. Inji ya mutu, Allah ya ji ƙansa. A fito mana da takardun da muka dangwala."

Injiniya ya ɗaga kai yana kallon fanka. Anti Rifkatu ta sunkuyar da kai. Na jira Injiniya ya yi magana, tunda shi ne ya ce a fitar da su. Na jira, na jira. Sai ya ce, ba tare da ya sauko da idonsa daga fankar ba, ni ce mai kula da takardu, in yi wa dattawa bayani.

Na ce, "Suna wajen mai tsire."

Muryata ko ni da ƙyar na ji ta. Dattijon ya karkato da kunne ya ce me ta ce? Dole na maimaita da ƙarfi. Wani na bakin taga ya juya ya isar wa na waje, na ji maganar tana tafiya baki-baki har gindin darbejiya.

Sai wani daga baya ya ce shi fa ya faɗa. Ranar kasuwar da ta wuce ya sayi tsire a bakin tasha, ya ga dangwale a jikin takardar, ya ce wa abokinsa wannan ya yi kama da babban yatsansa, abokin ya ce yunwa ce ke sa shi gane-gane. Wasu suka fashe da dariya. Sarkin Noma bai yi ba. Ya ce shekara biyu suna bin ma'aikatanmu da igiyar awo cikin laka, suna barin aikinsu, suna yanka musu kaji, ashe maƙunshin tsire suke dangwalawa.

Akwai wani mutum a tsugune can gefe, wanda na ji an kira sunansa. Na san shi a takarda tun kafin in gan shi: shi ne mai 'yar tsirit ɗin gonar nan da ke matse tsakanin manya biyu, wadda kowace shekara ake gutsurar mata gefe. Fom ɗin nan shi ne shaida ta farko da ya taɓa samu a rayuwarsa. Ya tashi, ya nemi takalminsa a cikin tarin, ya sa, ya tafi. Dariyar ba ta dame ni kamar fitarsa ba.

Bayan an watse Injiniya ya sauke mini kwandon bala'i, ya kira ni sunayen da ba zan rubuta ba. Sannan ya zauna ya rubuta takardar tuhuma da hannunsa: na sa hannu ba da izini ba, na salwantar da takardun ofis, in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da zai hana a kore ni. Ya miƙo mini ya ce in buga. Ni na buga tuhumar kaina a tafireta, hawaye na ɗiga a kan maɓallan, kuma saboda tsoro ko kuskuren harafi ɗaya ban yi ba.

Kwana biyun nan da buhu na yi su a kafaɗa. Malam Ɗan'azumi ya tausaya mini, amma ina ganin gemunsa na rawa. Ya ce da na zo da wuri, kasuwa ta yi kyau a 'yan kwanakin nan. Ya zazzage mini abin da ya rage a ƙarƙashin tebur. Mai ƙosai ta ce nata sun ƙare tun tuni, har tana shirin aiko mini in ƙaro. Masu bandar kifi suka riƙa kiran juna, zo ka ga ma'aikaciyar gwamnati tana tsince-tsince. Abin da na haɗa bai cika rabin buhu ba, wasu sun sha mai har ana hango hannu ta bayansu. A gida Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina fita tsakar rana zuwa maƙwabta, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Amsar da na fara rubutawa shafi uku ce, daga don Allah sai don Annabi. Na kai wa Anti Rifkatu, wadda na yi wata takwas ina yi wa kallon tsohuwar yayi. Ta karanta, ta ninke, ta mayar mini.

"Ƙanwata, kuka ba ya shiga fayil. Rubuta abin da ya faru, bi da bi, da wanda ya faɗi me. Kada ki zagi kowa, kada ki kare kanki."

Na rubuta. Na sa laifina a farko, ban rage ba: ni na zaɓa, ni na katse mai haɗa inji, ni na kawo shawarar masu tsire. Sannan na sa ranar da aka tafi kallon tsuntsaye, da yabon ranar Litinin da waɗanda aka yi shi a gabansu, da maganar filofi, da wanda ya ce a cinna wuta. Shafi ɗaya bai cika ba. Anti ta karɓa ta kai masa da kanta, ina biye da ita. Tana ajiyewa ta ce, cikin ladabi, kamar tana tuna masa lokacin taro, ƙa'ida ita ce tuhuma da amsarta tare suke tafiya hedikwata, kuma ita ce mai aikawa, kuma a shekara ashirin takarda ba ta taɓa ɓata a hannunta ba.

A tsaye ya fara karantawa. A zaune ya gama. Ya ce ni marar kunya ce, ya ce yaran yanzu ba su san mutunci ba. Ya daɗe yana juya takardar. Daga ƙarshe ya jawo aljihun tebur ya jefa su duka biyun, ya murɗa makulli. Ba kora. Amma ba takardar tabbatarwa. Ya ƙara mini wata shida na gwaji, kuma ya ce tunda ni na ɓatar, ni zan bi masu awo a sake daga farko, in cike fom da hannuna, in dawo in shigar.

Haka nake yanzu. Ni da ruwan baho ma ba na so ya wuce gwiwata, kwana uku a sati ina cikin kwalekwale, na ƙanƙame jakar takardu, idona a rufe. Duk ƙauyen da muka sauka an riga an san ni. Matan su kan tambaye ni, da fuskar tausayi, wannan karon na ƙosai ne ko na kifi? Mutumin nan mai 'yar gona ni na cike masa sabon fom. Kafin mu iso, maƙwabcinsa ya riga ya shiga masa da kunya uku ya dasa, kuma babu abin da za a nuna a ce ba haka take ba. Ya dangwala bai dube ni ba. Na so in ba shi haƙuri, na rasa da wane baki.

Takardar tabbatarwa kuwa, ban sani ba. Amsata tana cikin aljihun teburin Injiniya, kuma na lura tun daga ranar yake gaishe ni kafin in gaishe shi, abin da ke ƙara ba ni tsoro.

Satin da ya wuce aka kawo sabon faifai. Nasiru ya zo da turarensa, ya kwance ya ɗaura, ya saita injin a lamba ɗaya. Bai tambayi Injiniya ba, bai tambaye ni ba, bai nemi sa hannun kowa ba. Ashe zai iya. Ashe tun ranar farko zai iya. Da zai fita har da tsayawa a teburina, wai Hajiya ya aiki? Tafiretar Anti tana kusa da hannuna, nauyinta ne kawai ya cece shi.

Abin da na koya, a kan farashin gonakin mutane, bai fi layi biyu ba. "Ban sani ba" amsa ce, kuma ba a taɓa korar kowa a kanta ba. Sannan duk ranar da wanda ya fi ki sani ya ce ke za ki zaɓa, ya miƙo miki biro yana murmushi, ba ra'ayinki yake nema ba. Wuyan da zai rataya wa kaya yake nema.